Gammon Inji

Tun motar Yamusa ba ta shawo kwanar tasha ba na san ita ce. Duk Abuja babu mai irin wannan kuka sai ita, ina nufin Abujarmu ta da, wadda yanzu kuke ce wa Suleja. Ina kwance ƙarƙashin wata babbar mota ina fama da wani noti da ya yi tsatsa, sai na ji ƙwanƙwasa, gaf, gaf, gaf, tana matsowa. Na jawo jikina na fito ina goge hannu, ga ta nan tana shigowa garejina a hankali, tsohuwar a-kori-kura mai ruwan ƙasa. Gilashinta rawa yake, murfin injinta rawa yake, har kumatun direban ma rawa suke.

Garejin nawa fa kada ka zaci wani abin a zo a gani ne. Inuwar mangwaro ce, da akwatin sifanoni, da benci guda mai ƙafa uku da rabi. Sunana Maude, kuma a shekarar da nake ba ka labarinta, wato shekara guda bayan an canja mana fam zuwa naira, na kai shekara ashirin ina kwanciya ƙarƙashin motocin mutane. Ana cewa ina da faɗa. Gaskiya ne, ban musa ba, amma ban taɓa yi wa mota ƙaryar ciwo ba.

Yamusa kuwa manomin doya ne daga Yangoji, mutumin Gbagyi, abokina tun muna samari muna leburancin hanya, muna cin tuwo a kwano ɗaya. Ni na gudu na koyi makanikanci, shi ya koma gonar ubansa. A duk mutanen da na sani babu mai taurin kansa, kuma babu wanda nake so kamarsa, abin da ban taɓa faɗa masa ba don kada kansa ya ƙara girma. A gefensa a gaban mota matarsa ce zaune, Asibi, da jan ɗankwali ɗaure tsaf a kanta. Ganinta ya sa na ce a raina yau ba lafiya, domin ba ta cika biyo shi Abuja ba.

Dole in faɗa maka yadda aka yi motar ta shigo hannunsa, in ba haka ba za ka ɗauka ƙarfe ne kawai. Matan Gbagyi ba sa ɗaukar kaya a ka. A kafaɗa suke ɗauka, su ce kai ya isa da nauyin tunanin da yake fama da shi. Tun da aka kawo Asibi gidan Yamusa take dakon doya da itace da tukwane zuwa kasuwar Kwali, cikin wata babbar ƙwarya a kafaɗarta ta hagu, har kafaɗar ta sauka ƙasa da 'yar'uwarta, hannun ya daina ɗaguwa sama. Ɗankwali ma sai 'yarta Helen ta ɗaura mata kowace safiya. Ranar da Yamusa ya lura da haka, bai ce wa kowa komai ba. Ya tara kuɗin doya na damina uku, ya sayar da bijimai biyu da ya ba wani Bafulatani kiwo, ya zo ya ja ni muka je muka sayo wannan tsohuwa. Da ya kai ta gida, sai ya ɗauki ƙwaryar nan ya rataye a rufin ɗaki, ya faɗa a gaban dangi cewa matarsa ta gama dako har abada. Shekara uku ke nan ƙwaryar na rataye.

To, yau ga shi ya sauko, ya miƙo min hannu ba fara'a. Na gaishe da uwargida, ta amsa da murmushi ta koma kallon ƙafarta. Yamusa ya ja ni gefe ya ce ba gyara ya kawo shi ba. Wani bakanike a Gwagwalada ya saurari motar ya ce injin ya mutu, sai dai a sa wani, kuma wanin ba zai gaza naira ɗari huɗu ba. Shi kuwa ko an juye shi an kakkaɓe ba za a sami rabin haka ba. Audi dillali ya yi tayin naira ɗari da hamsin, sun yi alkawarin haɗuwa a tasha bayan la'asar. Abin da yake so daga gare ni kawai in duba in faɗa masa ko Audi cutarsa zai yi.

Na tambaye shi uwargida fa, me ta ce. Ya juya baya gare ta ya rage murya. Ya ce ita ce ma ta ce a sayar, kuma jiya da ya dawo daga gona ya tarar ta sauko da ƙwaryar ta wanke ta kife a rana. Yana faɗa idonsa ya yi ja. Ni ma raina ya ɓaci, na huce a kan wani kare da ke shinshinar akwatin sifanonina.

Ni ba na yanke wa mota hukunci da kunne daga nesa, kuma ba na faɗin kuɗi sai na ga ciwo da idona. Na ɗauko kofin shayina da ya huce na ɗora a kan murfin taya na gaba, na ce ya tayar. Shayin ya dinga tsalle har rabi ya zube. Na zagaya baya na sa hannu a bakin salansa, hayaƙi fes, ba fari ba baƙi. Na zaro ma'aunin baƙin mai, babu ruwa a ciki. Na kwance fulogi guda, a bushe. Injin da ya mutu ba haka yake ba. Na buɗe murfin sosai, na ce ya ja birkin hannu, ya sa giya ta ɗaya, ya saki kuloci a hankali. Yana saki injin ya yi zumbur ya karkata gefe guda, ya bugi jikin motar, gaf, ya koma ya zauna. Na ce ya sake. Ya sake, injin ya sake tsalle. Nan na fashe da dariya, har Asibi ta leƙo.

Inji ba a kan ƙarfe yake zaune kai tsaye ba. Akwai roba mai kauri guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace an manne ta tsakanin faranti biyu na ƙarfe, mu makanikai injin-sit muke ce musu. Su ke riƙe injin, su ke shanye rawarsa. Na haska tocila na zura ƙarfen cire taya na ɗan ɗaga. Ta hagu ta rabe gida biyu. Ta dama baƙin mai ya jiƙa ta shekara da shekaru har ta lotse ta zama fanke. Wato injin Yamusa lafiyarsa ƙalau, wurin zama ne ya rasa, shi ya sa yake dukan jikin motar, salansa na dukan ƙasanta, fanka na gogar gefen lagireto.

Na miƙe na ce masa ya manta da Audi. Roba biyu a shagon Jacob naira uku-uku, aikina naira biyu, duka naira takwas, fam huɗu a tsohon lissafi. Na tsaya ina jiran ya rungume ni.

Ya dube ni tun daga hula har takalmi. "Oga Maude," ya ce. Ba ya kirana oga sai ransa ya ɓaci. "Ni ba maroƙi ba ne."

A nan laifina ne, kuma zan faɗa. Bara waccan lagiretonsa ya fashe a daidai lokacin da doya ta yi araha. Na ce masa liƙi kawai zan yi na sule biyar, ya tafi kasuwa, ni kuwa na cire nasa na sa masa wani mai kyau da na daɗe ina ajiya. Bayan wata guda wani mai dogon baki ya tona. Yamusa ya zo ya zube min doya hamsin a ƙofar gida ko sallama bai yi ba, ya yi wata biyu ba ya gaishe ni. Saboda haka yau da ya ji naira takwas, sai ya ɗauka tsohon halina ne ya motsa, wato zan kore shi kasuwa in farke injin in gyara da aljihuna.

Ya ce ƙarar da mutanen Kwali ke ji tun yana Yangoji ba za ta zama ƙarar naira takwas ba. A gona, in ɓarna ta yi girma, gumin gyaranta ma girma yake yi, kowa ya san haka. Mutumin Gwagwalada ya ce ɗari huɗu, kuma ɗari huɗu ta fi kama da irin wahalar da ya sha. Gara ya sayar da motar da mutuncinsa da ya hau ta da sadaka. Na ce masa mutumin Gwagwalada ko dai bai san aiki ba ko kuwa ya san Audi. Na ce masa kansa ya fi notin da na bari ƙarƙashin babbar motar can tauri. Ya ce ai ni na koya masa. Muka yi ta yi har masu sayar da rake suka matso kallo. Asibi dai ta sauko ta zauna a kan bencina, a ɓangaren da ke da ƙafa.

Da na ga rana na tafiya sai na ce to mu yi sharaɗi. Ya je shagon Jacob da ƙafarsa ya sayo robar da kuɗinsa. Ya dawo ya tsaya a kaina yana kallo, ba zan taɓa komai ba sai noti huɗu. In an gama motar ba ta daina rawa ba, ni da kaina zan tuƙa ta in kai wa Audi. Ya dubi matarsa, ya tafi. Ya dawo da robobin biyu yana jujjuyawa a hannu da raini, kowace ba ta fi sabulun wanki girma ba. Ya ce ya ji na roba, amma naira biyun aikina har yanzu yana jin warin tausayi a ciki.

Wallahi a nan ne shaiɗan ya raɗa min. Kafin a zare tsohuwar roba dole a ɗaga injin kamar yatsa biyu, kuma aikin jak ne. Jak ɗina yana nan lafiya lau a ƙarƙashin tamfol. Na ce masa ya lalace tun shekaranjiya, shi ya sa aikin ya yi araha, domin mai mota ne zai zama jak. Na jawo wani dogon itacen maɗaci da nake ajiyewa, na saƙala bakinsa ɗaya a reshen mangwaro, na gitta shi ta saman injin, na ɗaure injin da sarƙa a jikinsa. Ɗaya bakin sai mutum ya sa kafaɗa ya miƙe tsaye. Niyyata kawai ya ɗan ji jiki, ya san ya biya da guminsa, bakinsa ya mutu.

Kafin in rufe baki Asibi ta miƙe. Ba ta yi shawara da kowa ba, jikinta ne kawai ya saba. Ta gyara zaninta, ta taka zuwa bakin itacen, ta sunkuyar da kafaɗar nan ta hagu.

"Maman Helen, koma ki zauna," in ji Yamusa. Ban taɓa jin ya yi mata magana da irin wannan murya ba. Ta dube shi, ta koma.

Ya tuɓe rigarsa ya shiga ƙarƙashin itacen. Na riga na sassauta notocin, na ce bismilla. Ya yunƙura, sarƙa ta miƙe, injin ya tashi. Ni ba wawa ba ne, na cusa guntun katako a ƙasa saboda yatsuna, amma na bar masa nauyin a wuya. Na zaro tsohuwar roba ta hagu ɓari biyu na jefa gaban ƙafarsa don ya gani. Sannan na shiga goge wurin da tsumma a hankali, ina 'yar waƙata, ina neman sifanar da ke cikin aljihuna.

Yamusa ƙaƙƙarfa ne, mutumin da ke wuni yana tayar da kunyar doya. Amma ba a jima ba na ji sarƙa ta fara kaɗawa. Na leƙo, gumi na zuba daga haɓarsa, gwiwarsa na rawa, itacen na rawa, injin ma na lilo. Na sa sabuwar roba, amma ƙusar ta ƙi shiga raminta, da na saita sai injin ya goce. Wasa ya fara zama gaske. Na daka masa tsawa ya tsaya cik. Ya ce ta cikin haƙora itacen na cin ƙashinsa, ba nauyin ne ya dame shi ba, cizon ne.

Sai na ga ƙafafun Asibi sun matso. Ta ɗaga hannunta na dama, shi kaɗai, ta warware jan ɗankwalin nan, furfurarta ta fito fili a gaban duk 'yan tasha. Ta riƙe bakinsa da haƙori ta murɗe shi, ta naɗe shi zagaye, kafin ka ce me ya zama gammo. Ta ce min, "Malam Maude, tare shi kaɗan." Na ƙara katako injin ya zauna a kai. Ta dafa bayan mijinta ya ɗan rusuna, ta zura gammon tsakanin itacen da kafaɗarsa, ta gyara masa tsayuwa da gefen ƙafarta, ta ce ya buɗe ƙafa, ya saki numfashi, ya daina faɗa da kayan.

Ya sake miƙewa. Sarƙar ta yi shiru. Injin ya tsaya cak, ƙusa ta faɗa raminta da kanta, na ɗaure noti. Ina cikin ɗaurewa na ji muryarsa daga sama, a hankali, babu sauran faɗa a ciki.

"Maude, wannan roba naka. Gammo ne?"

Na ce, "Gammo ne."

Muka koma ɓangaren dama, wannan karon ban yi waƙa ba, ban nemi sifana ba, na yi aikina da sauri kamar yadda na iya. Da na gama na kwance sarƙa, na sake cika kofina da shayi na ɗora a inda yake ɗazu, na ce ya tayar. Injin ya kama. Shayin ya ɗan yi zobe-zobe a sama, ko ɗigo bai zube ba. Na ce ya sa giya ya saki kuloci, injin ya ɗan jingina ya dawo, babu gaf. Masu rake suka yi tafi. Yamusa ya kashe motar ya sauko, ya zaro naira biyu ya ba ni, na karɓa, babu wanda ya yi wa wani gardama.

Audi ya iso bayan la'asar da babbar riga da 'yar jakarsa. Ya ji yadda injin ke kaɗawa, nan take ya ƙara hamsin a kan tayinsa. Yamusa ya gaishe shi da mutunci, ya tambayi iyalinsa, ya ce ya sauka lafiya. Audi ya harare ni, na ɗaga masa kofin shayi.

Ina tattara sifanoni Asibi ta zo wucewa ta kusa da ni, ta ce ƙasa-ƙasa ba tare da ta kalle ni ba, "Jak ɗinka, ƙafarsa ya fito daga tamfol tun safe." Na ji kunya ta rufe ni har kunnuwa. Ta yi dariya ta wuce, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa faɗa masa ba.

Shi kuwa yana zaune a bencina, gammon na hannunsa, yana murza kafaɗarsa inda itacen ya bar jan shaida. Ya tambaye ni tsawon wane lokaci ya yi a ƙarƙashin itacen. Na ce duka-duka bai fi minti ashirin ba. Ya jinjina kai. Ya juya wajen matarsa ya tambaye ta, da Hausa, ina jin don ni ma in ji, daga gida zuwa kasuwar Kwali da kaya fa. Ta ce in ta fita da asuba takan isa rana ta ɗaga, in rafi bai cika ba. Ya shiga lissafi da leɓe.

"Shekara ashirin da takwas," ya ce.

"Da tara," ta ce. "Tashi mu tafi, Baban Helen, kaji ba su ci ba."

Ta miƙa hannu ta karɓi ɗankwalinta ta warware, ta kakkaɓe. Ta yafa shi a ka da hannun dama, ta yi ƙoƙarin ɗago na hagu don ta kama ɗaya bakin, hannun ya tsaya a daidai ƙirjinta ya ƙi wucewa. Helen kuwa tana can Yangoji. Ta yi murmushi ta fara naɗe shi za ta riƙe a hannu.

Yamusa ya tashi ya karɓa. A tsakiyar tasha, direbobi na kallo, masu rake na kallo, wannan ƙaton manomi ya zagaya bayan matarsa da yatsunsa masu kaushi, ya shiga ɗaura mata ɗankwali. Bai iya ba ko kaɗan. Sau biyu yana zamewa, a na uku ya ƙulle shi irin ƙullin bakin buhu, ya karkace ya rufe mata kunne ɗaya. Wani direba ya fara dariya, na juya na kalle shi, ya haɗiye abarsa. Ni kaina idona ya cika, na ce hayaƙin salansa ne.

Asibi ta taɓa ƙullin da hannun dama, ta ji yadda ya karkace, ba ta gyara ba. Ya buɗe mata ƙofa ta shiga, ya zagaya ya tayar. Na tsaya a bakin hanya ina kallon jan ɗankwalin ta gilashin baya har suka sha kwana, kuma a karo na farko cikin watanni ban ji tafiyarsu ba.